Sai Ta Yi Famfara

Mitar motar Baba ta mutu tun kafin motar ta shigo hannunsa. Allurar gudu tana kwance abinta ko ana tafiya ko ana tsaye, lambobin da ke ƙirga nisan tafiya kuwa sun ƙage a inda mai ita na farko ya bar su can ƙasar Turawa. Wannan bai taɓa hana Baba barci ba. Ya ce shi ya san nisan Dudunni zuwa Kusada tun yana zuwa a kan jaki, ba sai wata allura ta koya masa ba.

Yana da aboki a Kankia, wani tsohon bakanike, shi kaɗai ya yarda ya sa wa motar hannu. A satin da za a yi sunan 'yata ta fari, ina gida wankan jego, Baba ya kai masa motar ya duba saboda jigilar 'yan suna. Tsohon ya canza mata abin da suke kira taimin bel. Wani bel ne na roba da ke ɓoye cikin murfi a gefen inji, shi ke sa ƙarafan ciki su motsa kowa a kan lokacinsa, kada wani ya ci karo da wani. Mugun halinsa shi ne ba ya kuka, ba ya tari. Yana aiki lafiya lau har ranar da zai tsinke, in kuwa ya tsinke a irin motar Baba, ƙarafan nan su gwabza da juna, inji ya tashi aiki. Shi ya sa ake canza shi tun da sauran ransa, a duba mita a ga tafiyar da ya sha. Mu kuwa ba mu da mita.

Ranar suna, bayan an shafa addu'a ana rabon goro a ƙofar gida, Baba ya tambayi abokin nasa yaushe za a sake canzawa. Ni ina ɗaki, amma duk wadda ta shigo yi mini barka sai ta ba ni labarin. Wai tsohon ya daɗe yana tauna goro, sannan ya nuna cikin gida da haɓa ya ce, "Ranar da jaririyar nan ta yi famfara, ka kawo mani motar." Aka yi dariya aka watse. A wurinmu wannan ba baƙon lissafi ba ne. Inna ba za ta iya gaya maka shekarar da aka gina ɗakinta ba, amma ta san wana yana rarrafe a lokacin.

Tsohon bakaniken ya rasu yarinyar tana koyon magana. Daga ranar, maganar da ya yi cikin raha ta zama wasiyya a wurin Baba.

Da aka yaye yarinyar Inna ta ɗauke ta, kamar yadda aka saba yi da 'yar fari. Na koma Kankia inda nake koyarwa a firamare, nakan leƙo gida ƙarshen mako in hali ya yi. Shekaru suka yi ta tafiya, motar tana tafiya, gwiwoyin Baba suna ƙara nauyi, idonsa yana raguwa. Yaya, babban wanmu da ke aiki a Katsina, ya yanke hukunci a bayan idon Baba, hukuncin kuma ya zagayo ya shiga kunnensa: duk ranar da motar nan ta mutu, ba za a gyara ba, ba kuma za a sayi wata ba. Ba wanda ke da ƙarfin halin karɓar makulli a hannun Baba motar tana da rai, don haka Yaya ya zauna jiran ajalinta. Ni kuwa ina goyon bayan motar. Ita ce ƙafafun Baba. Da ita yake zuwa Juma'a Kusada, da ita yake zagaya gona, da ita yake zuwa ƙauyen Boko duba abokansa da suka rage. Na san in ya koma zaman tabarma a ƙofar gida yana jiran wanda zai rage masa hanya, ba zai daɗe ba. Wannan ranar nake tsoro, shi ya sa ban taɓa tsayawa na saurari Yaya da kyau ba.

Wanda ya gaji garejin tsohon, magidanci ne mai yawan fara'a, garejin kuma yana kan hanyata ta zuwa makaranta. Ya mayar da ni abin tarewa. Da ya hango ni sai ya fito daga ƙarƙashin mota yana goge hannu.

"Malama, ki gaya ma Baba hwa. Roba ba ta san famfara ba. Ko ajiye mota aka yi, shekaru na cinta. Bel ɗin nan ya kai, wallahi har ya wuce."

Abin da tsohon bai sani ba ranar da yake tauna goronsa shi ne, jaririyar da ya nuna da haɓa za ta gaji taurin kan kakanta har a haƙori. Sa'o'inta duk suka zubar. Ka shiga ajinsu ka ce a yi dariya, sai ka ga giɓi ko'ina. Ita kuwa nata suna nan jere, ƙanana, farare, ko motsi babu. Baba yana alfahari da su fiye da yadda yake alfahari da geronsa. Da safe zai kira ta, da yake da wasan jika yake kiranta amarya, ya ce, "Amarya, zo in ga injina." Ta washe baki, ya taɓa da ɗan yatsa, ya ce lafiya lau, a ba shi ruwa ya zuba a lagireto.

Ni kuwa hannuna a ɗaure yake. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta janta a jiki a gaban mutane, balle ta kama haɓarta ta ce buɗe baki in gani. In na yi haka Inna sai ta yi wata guda tana ba maƙwabta labarin rashin kunyar 'yan boko. Abin da ya rage mini shi ne tsaraba, don ba wanda ya hana mutum kawo wa yaran gida tsaraba.

Na fara da rake. Na zaɓo mafi tauri a kasuwar Kankia, irin wanda mai sayarwa da kansa ya ce mini, "Hajiya, wannan sai mai haƙori." Na ce shi nake so. Na ajiye a tsakar gida na ce na yara ne, na koma gefe ina tsince shinkafa ina kallo ta wutsiyar ido. Yarinyar ta ɗauko za ta kai baki ke nan, Baba ya yi gyaran murya daga inuwa. Ya karɓa, ya ciro wuƙarsa, ya fere shi tas, ya yayyanka ƙanana kamar za a ba wa jinjiri, ya ce ta riƙa taunawa da na ciki, wai amaryar kirki ba ta gatsa a gaban miji. Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba.

Mako na gaba na kawo goriba. Ya sa Inna ta daka, aka jiƙa, yarinyar ta sha ruwan. Na kawo busasshiyar aya, ta koma kunun aya, har aka ɗebo mini a kofi. Na kawo kilishi, Baba ya cinye rabi da haƙoransa da suka rage, ya ce yaji ya yi wa yara yawa. Ana cikin haka sai na lura duk zuwan Yaya da burodi mai laushi yake zuwa, da ayaba, da madarar gwangwani, wai na 'yar Inna ne. Mutumin da bai taɓa saya wa nasa 'ya'yan ko alawa ba sai an yi masa tuni. Na tare shi a zaure na ce, "Yaya, Allah na ganinka." Ya ce shi bai san abin da nake nufi ba, yana maganar yana danne dariya. Ashe mu uku ne a yaƙin, Baba da Yaya suna gefe guda ba tare da sun shirya ba, ɗaya yana so kada a taɓa motar, ɗaya yana so ta mutu.

Da tsaraba ta ƙi ci, na je na durƙusa gaban Baba na yi maganar kai tsaye. Na gaya masa abin da mai gareji ya ce, na ƙara da nawa.

"Ba a buɗe cikin mai lafiya," in ji Baba. "Kin taɓa jin ta yi tari?"

"Ai shi ne abin, Baba. Ba ta yin tari. Tsinkewa kawai yake."

"Wanda ya sa shi da hannunshi ya hwaɗi lokaci, gaban shaidu. Ke kina ɗaki."

"Ai bai san yarinyar za ta yi nawa ba."

"Ya san abin da shike yi. Mi yaron can ya sani? Ina zaune nan aka kawo shi gareji, sifana ma bai iya riƙewa ba."

Na ce, "Baba, in ya tsinke fa? Kun san abin da Yaya ya ce."

Ya gyara zaman hularsa. "Na ji abin da ya ce. Ranar da ta hidda haƙori, ko ruwa ake da ƙanƙara, zan kai ta. Kahin nan, a'a."

Raina ya ɓaci ƙwarai ranar. Na koma Kankia ina faɗa ni kaɗai a bayan ɗan acaba, har ya juyo ya tambaye ni ko da shi nake.

Bayan kaka, an gama ɗaurin gero, Inna ta kira ni a waya. Mun gama gaisuwa, ta ba ni labarin wake da ƙwari suka taɓa, da tunkiyar da ta haifi biyu, sannan a ƙarshe, kamar abin da ta tuna, ta ce, "Wata a gidan nan dai ta fara tauna tuwo da gefe guda." Ta kashe wayar. Inna ba ta taɓa shiga yaƙin a fili ba, amma ta gaji da daka goriba.

Asabar na iso gida na ishe abin mamaki. Yarinyar da surutunta ke hana kaji barci ta zama bebiya. Ta gaishe ni da ka, leɓe a damƙe. In za ta yi magana sai ta ja hijabi ta rufe baki. Na tambayi Inna, da ƙarfi yadda Baba zai ji, ko wani ba shi da lafiya a gidan. Baba ya amsa daga inuwa, "Girma ne. Kunya ta fara zuwa mata." Daga baya na ji cewa ya gaya mata in ƙadangare ya ga giɓin, haƙori ba zai sake fitowa ba, kuma wai manyan ƙadangaru har rikiɗa suke su zo da siffar malaman makaranta.

Na bar su har la'asar. Al'adar Baba ce bayan sallar la'asar ya zaunar da ita ta biya masa karatun allonta. A kan karatu ba ya wasa da kowa. Mu da muka tashi a hannunsa mun san in ka haɗiye harafi ɗaya sai ka maimaita har rana ta faɗi. Na ɗauko tabarma na shimfiɗa kusa, na zauna da tiren zogale ina gyarawa.

Yarinyar ta fara, baki a rufe, hijabi a kan hanci, karatu yana fita kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Baba ya ɗauki carbi. Ta ci gaba. Na ga yatsunsa suna motsi a kan carbi, na ga ya gyara zama, ya sake gyarawa. Ta zo wani wuri ta haɗiye kalma sukutum. Ban ɗaga kai daga zogalena ba na ce, "Inna, ashe yanzu an sauƙaƙa. Mu a zamaninmu da baki buɗe ake yi."

Baba ya daure har ƙarshen aya. Sannan abin ya fi ƙarfinsa.

"Ke! Cire ƙyallen nan, buɗe baki ki hwaɗe shi yadda ya sauka!"

Ta cire, ta buɗe, ta faɗa. Harafin ya fito da fito ta wata ƙofa da ke tsakiyar haƙoran ƙasa, ƙofar da ko daga bakin zaure za a hango. Inna ta tuntsire da dariya har ta saki muciya. Yarinyar ta dubi kakanta ta ce, "Kai ka ce in buɗe." Baba ya dube ni tsawon lokaci. Ya ce, "Gobe da sahe."

Na kwana da farin ciki, har da 'yar waƙa ina wanke-wanke. Na ci Baba, na ci Yaya.

Da safe Baba ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya ce amarya za ta raka shi, tunda ita ta jawo tafiyar. Na shiga gaba, ita ta shiga baya, amma ba ta zauna ba. Ta tsaya tsakanin kujerun biyu, ta dafa kafaɗar kakanta, kamar wadda ta saba. Na daɗe ban shiga motar Baba ba, kullum a acaba nake zuwa in koma. Muka fita daga gari lafiya, yana kauce wa kowane rami tun kafin mu kai gare shi, har na fara tsara abin da zan gaya wa Yaya.

Sai na ji ta ce, a hankali, "Akuya."

Baba ya taka birki. Akuyar tana tsakiyar hanya, a fili, ni na daɗe da ganinta.

Muka ci gaba. "Mai keke, hagu." Ya kauce. "Amalanke, ta tsaya." Ya rage gudu. Ba ta ɗaga murya, shi kuma ba ya amsawa, sun iya abinsu. Ramukan hanya ya haddace su, amma duk abin da ke motsi sai ta faɗa masa. Da muka hau kwalta motoci suka yawaita, ta fara faɗin abu biyu a haɗe. Wata babbar mota ta taho daga gaba tana danna oda, Baba ya sunkuya a kan sitiyari yana ƙanƙance ido, yarinyar ta ƙanƙame masa riga ta ce, "Dama, Kaka, dama!" Muka sauka gefen hanya, tayoyi suna watsa tsakuwa, babbar motar ta wuce da iskarta.

Baba ya mayar da motar kan kwalta. Ni kuwa sai na gane abin da ya sa ya ƙi Kankia duk tsawon lokacin nan. Wasiyyar abokinsa tana ciki, amma hanyar ce ba ya iya gani, kuma ya san duk wanda ya zauna kusa da shi a kanta zai gane. Na ji tausayinsa, na ji haushinsa, na kuma ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, don yarinyar da ke tsaye a bayana ba ta gama zubar da haƙoran nono ba.

A gareji mai gareji ya yi ta murna kamar an kawo masa amarya. Ya shimfiɗa wa Baba buhu a kan benci, ya kwance murfin, ya ɗauki lokaci yana aikinsa. Da ya zare tsohon bel ɗin ya kawo mana, ya lanƙwasa shi ta baya. Robar ta buɗe baki wuri-wuri, zaren ciki yana leƙowa. Baba ya karɓa, bai kai shi kusa da ido ba, ya bi shi da babban yatsa daga farko har ƙarshe.

"Da sauranshi," ya ce.

"Baba, wannan ko Kusada ba zai sake kai ku ba."

"Ai ga shi ya kawo ni Kankia."

Aka sa sabo, aka ta da inji, ya ɗauka sumul. Mai gareji ya kashe, ya zaro makulli ya miƙo. Baba ya miƙa hannu, hannun ya nufi ɗan gefe da inda makullin yake. Ni na riga shi karɓa. Ban shirya ba, hannuna ne ya tafi da kansa. Na iya tuƙi, maigidana ya koya mini, amma ban taɓa tunanin a motar Baba zan nuna ba.

Na ce, "Baba, ku huta. Ni zan ja."

Mai gareji ya sami abin dubawa a ƙarƙashin wata mota. Baba ya tsaya da hannu a miƙe, sannan ya mayar da shi cikin riga. Ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna.

"To, ja mu gani ko mijin naki ya iya koyarwa."

Tun daga bakin gareji har muka bar kwalta bai bar ni na huta ba. Na cika taka kuloci. Na sa giya kamar mai daka. Ina riƙe sitiyari kamar za a ƙwace mini. Wa ya ce in yi oda ga mai shanu, ban san garke ba ya son oda ba? Ramin da na faɗa, ya ce shekara da shekaru yana wucewa bai taɓa gaisawa da shi ba sai yau. Ina amsawa da to. Yarinyar kuwa ta zauna a kujera a karon farko, har barci ya ɗauke ta, baki buɗe, ƙadangaru su yi ta kallo.

Da muka hango rumbunan farko na Dudunni, sai Baba ya ce, "Tsaya nan."

Na tsaya.

"Mutane na zaune bakin masallaci yanzu," ya ce, yana kallon gaba. "Sun ga hitata."

Na fito na zagaya, shi ma ya fito ya zagaya, muka wuce juna a gaban motar ba mu haɗa ido ba. Ya tashi yarinyar, ta tsaya a wurinta ta dafa kafaɗarsa. Ya ja a hankali, giya ɗaya, kamar mai rakiyar amarya. Da muka zo daidai masallaci ya danna oda sau biyu, ya fitar da hannu ta taga ya ɗaga wa dattawan da ba ya iya bambance fuskokinsu. Suka ɗaga masa, wani ya ce, "A'a, an sha sabon bel ke nan!" Baba ya ce, "Sai Kano yanzu!"

Ya shiga da ita rumfar kara da ke gefen zaure, ya tsayar daidai inda take tsayawa, ya kashe. Ya ɗan zauna hannuwansa a kan sitiyari. Sannan ya zare makullin, ya lalubo hannuna, ya sa mini a tafi, ya naɗe yatsuna a kai.

"Asabar mai zuwa akwai gaisuwa Rimaye," ya ce. "Ki zo da wuri. Kuma ki koyi sakin kulocin nan kahin ki kashe mani mota."

Ya buɗe ƙofa ya fita, yana kiran Inna ta kawo masa fura.